Guntun kara a kan ruwa: tarihin fatsa daga rafukan Ingila zuwa Gulbin Sakkwato

1/
Jiya da daddare ɗan yayata ya turo min wani bidiyo. Wani Bature ne tsaye cikin rafi, ruwa har gwiwa, yana kaɗa zare a iska kamar mai kora shanu. A jikin zaren akwai ɗan ƙwallo ruwan lemo yana bin ruwa a hankali. Yaron ya rubuto: "Kawu ka ga fasaha, mu kam an bar mu a baya." Sau uku na kalli bidiyon ina dariya ni kaɗai. Zaren nan zai yi tsawo, mai sauri ya ajiye ya dawo.

2/
Kifin da mutumin ke nema Turawa na kiransa tirawut. Kifin ruwan sanyi ne: in ruwa ya haura digiri 20 ya fara wahala, in ya kai wajen 25 ya daɗe a haka, sai mutuwa. Don haka kar wani ya je gulbinmu nemansa, a bazara ruwanmu kamar an sauke shi daga murhu. Ko Kenya ma jigilarsa Turawa suka yi daga Biritaniya a 1905, suka zuba a rafukan tsaunukan Aberdare, saboda kewar fatsar gida.

3/
Abin da ke jikin ƙugiyarsa kuma ƙwaro ne na ƙarya, gashin tsuntsu da siririyar waya aka naɗe. Yawancin ƙwarin da kuke gani suna shawagi a bakin rafi, a cikin ruwa suke ƙuruciyarsu, suna maƙale ƙarƙashin duwatsu wata da watanni kafin su yi fiffike. Wannan tsutsar ita Turawa ke kira nimf. Ruwa na kwaso ta, kifi na tsaye a ƙasa yana tsinta. Abincinsa na yau da kullum ke nan, ƙwaron saman ruwa na ɗan lokaci ne.

4/
Matsalar ita ce, in ƙugiya na ƙasa ba ka ganin lokacin da kifi ya ɗauka. Kuma in ya ji abin ba na gaske ba ne, kafin ƙiftawar ido ya tofar. Shi ya sa ake ɗaura wancan ƙwallon a zare, suna kiransa indiketa, wato mai nuni. Ya tsaya, ko ya karkace, ko ya ɗan girgiza, sai ka fizga.

To jama'a, mu a Rawayya sunan wannan abin kara. Guntun karan dawa.

5/
Ni ɗan Rawayya ne, ƙaramar hukumar Bungudu. A farkon shekarun 1990, tun muna cikin tsohuwar jihar Sakkwato kafin a yanko Zamfara a 1996, duk yaron da ya san kansa yana da sandar fatsa. Sandar gora ko wata tsumagiya mai lanƙwasa, zaren nailan, ƙugiya ta ranar kasuwa, ɗan guntun darma da muke ɓantarowa daga tsohon batirin mota, sai kara. Darmar nan da haƙori muke matse ta a zare. Yanzu da na san abin da darma ke yi wa ƙwaƙwalwar yaro, sai dai in ce Allah ne ya tsare.

6/
Wanda ya koya min shi ne Baffana, ƙanen mahaifina. Manomi ne ba masunci ba, amma da damina in aikin gona ya yi sauƙi, ko da kaka kafin ruwa ya janye, yakan ɗauke ni a keke mu tafi gulbi. Ranar farko na jefa ƙugiya na ƙura wa ruwa ido ina neman kifi. Ya ce: "Kai yaro, mi kaka nema cikin ruwa? Kara za ka kallo. Shi ka hwaɗa maka abin da ag ga ƙasa."

7/
Kafin ya jefa komai sai ya tsoma sanda ya auna zurfi. Sannan ya ja karan sama, ya bar tsakaninsa da ƙugiya ya ɗara zurfin ruwan da kusan rabi. Na tambaye shi dalili, ya ce ruwan sama ya fi na ƙasa gudu, kara zai riƙa jan zare a karkace, in ka sa daidai zurfi ƙugiya ba za ta kai ƙasa ba. Shekara fiye da ashirin bayan nan na ji wani Ba'amurke a YouTube yana bayanin wannan doka tiryan-tiryan: ninki ɗaya da rabi na zurfin ruwa. Ban san lokacin da na ce "Allahu akbar" ba.

8/
Haka maganar tafiyar kara. Baffa ba ya yarda kara ya fi kumfar da ke gefensa gudu. In ya fi ta, zare ne ke jansa, kifi zai ga tsutsa na gudun da tsutsa ba ta yi, ba zai taɓa ba. Sai ya ɗaga sanda ya maida cikin zaren wajen da ruwa ke fitowa. Turawa suna da suna na musamman ga wannan ɗan motsi, ana biyan malami kuɗi ya koya maka shi.

9/
Kuma kowane kifi da irin sallamarsa. Tarwaɗa ba ta da wayo, ta ɗauka ta nutsar da kara gaba ɗaya. Karfasa sai ta yi ta tsakura, kara na rawa yana rawa, in ka yi gaggawa ka ɗago ƙugiya fayau. Kurungu yana ja gefe, in ka fito da shi yana gurnani, ka yi sake ƙayarsa ta soke ka, ka yini kana yarfe hannu. Baffa na cewa: "Wanda duk ya jira kara ya nutse, tarwaɗa ɗai shika ci."

10/
Abin sawa a ƙugiya: tana, gara, fara, wani lokaci tuwon da ya kwana. Amma in kifi ya ƙi duka, sai Baffa ya shiga inda ruwa ke gudu kan duwatsu, ya ɗaga dutse ya kankaro baƙaƙen tsutsotsin da ke ƙasansa. Nimf ɗin Bature ke nan, ta gaske. Ranar da shinge ya fito bayan ruwan farko kuwa, kawara na tsalle tana cafke shi a sama, sai mu cire darma da kara mu ɗora shinge ya bi saman ruwa.

Ku riƙe waɗannan biyun, na sama da na ƙasa. A kansu manyan mutane suka yi shekaru suna gaba a Ingila.

11/
Bari mu koma can. Fatsa da ƙwaron ƙarya tsohuwa ce ƙwarai. Wani marubucin Rum mai suna Aelian, wajen shekara ta 200 miladiyya, ya ba da labarin mutanen Masidoniya da ke naɗe jan ulu a ƙugiya, su ɗaura gashin wuyan zakara guda biyu, su yaudari wani kifi mai ɗige-ɗige da shi. A Ingila kuma an buga wani ɗan littafin fatsa a 1496 mai ɗauke da ƙwarin ƙarya goma sha biyu, an jera su bisa watannin shekara. Ɗaruruwan shekaru kowa na yin yadda ya ga dama, ƙugiya ta nutse ko ta yi iyo, ba ruwan kowa.

12/
Sai ƙarshen ƙarni na 19. A kudancin Ingila akwai wasu rafuka da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasar alli, irin su Test da Itchen. Ruwansu garau, sanyi rani da damina, kana ganin kifi daga tudu. Jirgin ƙasa ya sa attajiran Landan na zuwa su yini su koma. Gaɓar rafukan duk mallakar masu ƙasa ce, ƙungiyoyin masu kuɗi na kama haya, talaka in ya jefa ƙugiya ɓarawo ne a idon doka.

13/
A nan wani attajiri, Frederic Halford, ya fito da littattafai a 1886 da 1889. Koyarwarsa: ka ga kifi yana cin ƙwaro a sama, ka gane wane ƙwaro ne, ka jefa masa kwaikwayonsa busasshe yana iyo, daga bayansa. Aikinsa na da kyau, ba na raina shi, mutumin ya yi nazarin ƙwari da gaske. Amma almajiransa suka maida abin kamar aƙida. Duk wanda ƙugiyarsa ta nutse a waɗannan rafuka ba mutumin kirki ba ne. Kun san dai yadda almajirai ke fin malaminsu zafi.

14/
Sai ga wani lauya, G. E. M. Skues, da ke fatsa a Itchen tun 1883. Ya lura kifaye da yawa da ake zaton suna cin ƙwaron sama, a gaskiya tsutsar da ke tasowa suke tarewa kafin ta kai sama. Bai tsaya gardama da baki ba. In ya kama kifi sai ya zura masa siririn cokalin da Turawa ke ciro ɓargo da shi, ya kwaso abin da ke cikinsa, ya zuba a farin faranti da ruwa. Mafi yawa tsutsa ce. A 1910 ya buga littafinsa na farko a kan haka, ya ci gaba da rubutu har tsufa.

15/
Halford ya mutu a 1914, gabar ba ta mutu ba. A 1938 ƙungiyar masu irin wannan fatsa ta Landan ta shirya muhawara musamman a kan ko ya dace a yi fatsa da nimf a rafukan alli. Skues na dab da shekara tamanin, kusan shi kaɗai a ɓangarensa. A ƙarshen wannan shekarar ya bar yankin rafin da ya yi sama da shekara hamsin yana fatsa a ciki, saboda abokan hayarsa sun matsa masa.

Ku duba shekarar. 1938. Yaƙin duniya na bakin ƙofa, dattawa na zaune suna shari'ar tsutsa.

16/
Wanda ya gama maganar a aikace talaka ne. Frank Sawyer, mai gadin rafin Avon, aikinsa yanke ciyawar ruwa da gyaran gaɓa. Yini yake yana leƙen ruwa. Ya ɗauki gashin wutsiyar wani tsuntsun daji dangin fakara, ya naɗe shi a ƙugiya da wayar tagulla siririya irin ta cikin kayan lantarki, ko zare bai sa ba. Wayar ce nauyin, ita ce ɗaurin. Littafinsa ya fito a 1958, kuma har gobe wannan ƙwaro nasa na cikin akwatin kusan duk mai fatsar tirawut a duniya.

17/
Daga baya Amurkawa, da manyan kogunansu masu zurfi, suka yawaita ɗaura ulu ko soso ko ƙwallon roba a zare. Nan ma aka sake rigima: wai ai wannan kara ne irin na yara, an sake masa suna ne kawai don kar a ji kunya. Masu wannan magana gaskiyarsu, kara ne. A shekarun 1980 kuma 'yan Polan da 'yan Cek suka zo gasar duniya da salon tsayawa dab da kifi da ɗan gajeren zare, suka yi ta lashe kofi. Ɗan gajeren zare da doguwar sanda. Kamar in kira Baffa in ce zo ka ga kanka.

18/
To abin da na so ɗan yayata ya gane: ilimin karanta ruwa muna da shi, ba a bar mu a baya ba ta nan. Abin da ya kamata ya burge shi a bidiyon nan shi ne ruwan da mutumin ke tsaye a ciki. Rafin na da kifi saboda akwai mai gadinsa, akwai watannin da ba a taɓa shi, akwai girman da in kifi bai kai ba dole ka mayar. Su da shingen masu kuɗi suka fara tsare nasu, kuma su kansu yau suna kukan dagwalo da raguwar ruwa a waɗannan rafuka. Mu da me muka tsare namu?

19/
Da sarauta. Su sana'ar gado ce a ƙasar Hausa, kuma cibiyarta a yankinmu Kabi ce. Sarkawa, masuntan da masana ke danganta asalinsu da Sorko na daular Songhai, su ne masu ruwa tun zamanin Kanta a ƙarni na 16. Daga can sana'ar ta bi koguna ta yaɗu. A garuruwan bakin gulbi za ka samu Sarkin Ruwa, kuma ba rawani kawai ba ne. Shi ke cewa wannan gurbi an rufe shi, ranar kaza za a buɗe. Shi ke raba faɗan masunta, shi ake kira in mutum ya nutse.

20/
Ruwanmu na yanayi ne. Gulbin Sakkwato na tasowa daga wajen Funtuwa, ya biyo ta Gusau da Bungudu, ya yi yamma ya haɗu da Rima kusa da birnin Sakkwato, ya wuce Argungu ya faɗa Kwara. Da damina ya cika ya malale fadamu, kifi ya hauro ya yi ƙwai a ciyawa. Da rani ya janye ya bar gurabe masu zurfi, nan kifi ke fakewa har ruwa ya dawo. Wanda ya kwashe gurbi tas da rani ya cinye irin baɗi. Rufe gurbi da Sarkin Ruwa ke yi, ajiyar iri ce, kamar yadda manomi ke ware damin da ba a taɓawa.

21/
Bikin Argungu da kowa ya sani ragowar wannan tsari ne. An mayar da shi biki babba a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ziyarar da ta rufe tsohuwar gabar Kabawa da Sakkwato. Abin da masu kallo ke mantawa: giwan ruwan da ake fitarwa daga Matan Fada da homa da gora, ta yi wannan girman ne saboda an hana su a wurin sauran shekara. Hukumar UNESCO ta sa bikin cikin gadon al'adun duniya a 2016, lokacin ma an yi shekaru ba a yi shi ba. Daga 2009 sai 2020.

22/
Yanzu me ya faru da namu ɓangaren gulbin? Na farko madatsa. An gama Bakolori kusa da Talatar Mafara a 1978. Mutane na tuna ta da kashe manoman da suka yi zanga-zangar neman diyya a Afrilun 1980, kuma ya kamata a tuna. Amma akwai asarar da ba ta yi ƙara ba. A ƙasan madatsar ambaliyar fadama ta ragu, wurin ƙwan kifi ya ƙanƙance. Mu kuma da ke sama, bango ya tsaya tsakaninmu da kifin da ke haurowa daga Rima da Kwara. An ƙara Goronyo a kan Rima a 1984.

23/
Baffa bai taɓa karanta rahoto ba, amma lissafinsa ɗaya ne da na masana. Yakan ce kafin "ruwan Mafara" suna ganin manyan kifayen da ni ban taɓa gani a gulbinmu ba sai a kasuwa, an banɗaro su daga Yawuri. Ni na taso na tarar da tarwaɗa da karfasa da kurungu da kawara, sai gaiwa da ake haƙowa daga busasshen laka. Na ɗauka haka gulbi yake tun fil azal. Yaran yanzu kuma abin da suka tarar shi za su ɗauka daidai.

24/
Na biyu guba. Kakanni ma suna da tasu, magimfa, ana dakawa a zuba a ƙaramin gurbi kifi ya bugu ya taso, kuma ba kowa ke da ikon zubawa ba. Sai aka samu Gamalin, maganin ƙwarin gona. Na taɓa ganin aikinsa da idona ina ɗan sakandare: gurbi ya yi fari fat da cikin kifi, manya da 'yan mitsi-mitsi, kwaɗi, har tsutsar ƙarƙashin dutse. Mun ɗaga duwatsu bayan sati biyu, ba ko ɗaya. Wanda ya zuba ya cika buhu biyu ya tafi. Dokar kamun kifi ta tarayya ta 1992 ta haramta guba da nakiya. Ban taɓa ganin wanda ya zo bakin gulbinmu da takardar dokar ba.

25/
Ƙara da gidan sauro da aka raba don zazzaɓi ya koma taru, yana tace ruwa har da 'ya'yan da ba su kai farce ba. Ƙara da tifofin yashi da ke kwashe gadon gulbi. Sarkin Ruwa in ya yi magana, yaro ya ce masa ruwan na gwamnati ne. Gwamnatin kuma ba ta san sunan gurbin ba. An cire ikon daga hannun mai gani, an ba wanda ke ofis.

Ba na cewa masu yi mugaye ne duka. Mai yunwa ba ya lissafin baɗi, na sani.

26/
Na uku kuwa ba sai na yi dogon bayani ga ɗan Zamfara ba. Daga Tsafe zuwa Bungudu, wa zai bar ɗansa ya tafi bakin gulbi shi kaɗai da asuba yanzu? Inda muke ajiye keke mu yini, yau manya ma sai sun tambayi labarin hanya kafin su je gona. Ɗan yayata shekararsa goma sha tara, a Gusau ya girma, gulbi na ratsa garinsu, bai taɓa ɗaura kara a zare ba. Shi ya sa ya ga na Bature ya ce fasaha. Ba laifinsa ba ne, ba wanda ya kai shi.

27/
Wani abu kuma da ke ci min rai. Gardamar Halford da Skues, wadda na yi wa dariya a sama, tana rubuce kaf: wa ya ce me, a wace rana, da wane ƙwaro. Mai gadin rafi ya yi littafi. Baffana ya san sunan kowane gurbi daga inda muke har kusa da Bungudu, ya san wanda ke riƙe ruwa har bazara da wanda ke ƙafewa, ya san watan da kowane kifi ke ɗaukar ƙwai. Ni da na yi boko ban rubuta ko layi ɗaya daga bakinsa ba sai yau. Ya haura tamanin, idonsa ya yi rauni.

28/
Da safen nan na kira shi ta wayar ɗansa. Na ba shi labarin Turawan da suka yi shekaru suna faɗa kan ko ƙugiya ta nutse ko ta yi iyo. Ya yi shiru, ya ce: "Su kihin, an tambaye su?" Na ce wani lauya ya tambaya, da cokali. Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce in gashin tsuntsu na kama kifi a can, in nemo na zabo in gwada wa kawara, don ita ba ta da haƙuri, komi ya faɗo ruwa sai ta taɓa.

29/
Na samo gashin zabo wajen masu fige kaji, na warware wayar tagulla daga wata matacciyar fanka. Na naɗe guda shida, huɗu sun yi kama da ƙwaro, biyu sun yi kama da abin da kaza ta taka. Na ce wa ɗan yayata ya bar maganar sandar dubu ɗari da yake son saya a intanet, ya nemo gora da karan dawa. In ruwa ya sauka za mu gwada a cikin gari, kusa da gada inda mutane ke wanki, ba za mu yi nisa ba. Kafin nan zan je Rawayya da littafi da biro, Baffa ya ce in zo da goro kuma in zo da safe, kafin rana ta sa shi barci.

Wanda ya san sunayen guraben garinsu ya rubuto su a ƙasa, da sunan garin, ina tattarawa.